Muryar Cikin Randa

Alhaji Ɗanmalam bai ce ya hana ba. Da ya hana, da an san inda za a dosa, a ɗauko limami ko wani dattijo a je a ba shi haƙuri. Abin da ya faɗa wa 'yarsa Khaula shi ne ba zai yi mata dole ba, ba zai tura ta gidan Taufiƙ ɗan ƙanwarsa ba in ba ta so. Amma kuma ba zai ba Mahfuzu ita ba sai an yi wa sana'arsa kuɗi.

Haka ake yi a gidansu tun da kakanni suka sauka Garuwa da jakunan fatauci. Ba a tambayar mai neman aure nawa ke aljihunsa, domin ana iya cika aljihu da aro. Dillali ake aikawa ya duba abin da mutum yake ci da shi, rumfa ce ko garke ko kwalekwale, sannan ya zo zaure gaban manya ya faɗi kuɗinsa. Kuɗi ɗaya yake faɗa, ba biyu ba. Kuma ba ya sa komai a lissafi sai abin da mai shi zai iya miƙa wa mai saye ya juya ya tafi abinsa.

Na Taufiƙ bai ba kowa wahala ba. Shagon kayan moto ne, wato babur, a unguwar Roumdé Adjia. Dillali ya shiga, ya ɗaga taya, ya ƙwanƙwasa ƙofar ƙarfe, kafin shayi ya huce ya gama.

Mahfuzu kuwa ba shi da ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Ɗan masunta ne daga Tibati. Ya zo Garuwa karatu, karatun bai kai inda aka so ba, sai ya buɗe shafi a intanet yana sayar da bandar kifin da mahaifinsa da yayyensa suke kamawa a tafkin Mbakaou. Mutum yana zaune a Marwa ko Yawunde, ya buɗe waya, ya ga hoton tarwaɗa ta sha hayaƙi ta yi jawur, ya biya ta waya, ya je ajans, wato tashar motocin haya, ya karɓi kwalinsa. Gidan mahaifinsa da na yayyensa duk da wannan shafin suke ɗora tukunya.

Alhaji yana kiran abin kasuwar aljanu, wai ana jin hayaniya ba a ganin rumfa.

Abin da bai sani ba, kowace safiya akwai muryar da ke buɗe kasuwar. Mace ce, babu suna babu hoto, Mai Talla kawai aka rubuta. Takan fara da Hausa, ta juya Fulatanci, ta ƙarasa da Faransanci. Ta faɗi kifin da ya iso, ta tsokani 'yan Marwa da son araha, ta roƙi 'yan Yawunde su rage barkono kada su ɓata mata kifi, sannan ta rufe da wata 'yar dariya.

Khaula ce.

A ɗakin ajiya na gidansu akwai wata tsohuwar randa ta kakarta, babba, ta tsage daga gindi har an daina zuba mata ruwa. Cikinta Khaula take cusa kai da waya ta yi tallan, saboda ƙarar motoci ba ta shiga, kuma randar tana mayar da murya mai kauri da zaƙi kamar ta wata mata dabam. A tsakar gida ba mai jin Khaula. Tun rasuwar mahaifiyarta ta zama mai magana ƙasa ƙasa, ta ajiye wa mahaifinta abinci ta ce ga shi, ta ɗauke ta ce sannu. Duk surutunta da dariyarta a cikin randar suke zaune.

Dillalin da Alhaji ya aika Baba Youssouf ne, tsohon da ya ƙare ƙarfinsa a kasuwar shanu kafin gwiwa ta zaunar da shi. A rayuwarsa ya yi wa abubuwa kuɗi iri iri. Ya taɓa yi wa jimina mai ido ɗaya kuɗi, da wata rijiya da ake cewa ruwanta yana janyewa in an yi ƙarya a bakinta, da agogon wani Bature mai tafiya da baya.

Ya shiga ɗakin Mahfuzu da sallama, ya zauna, ya ce a fito masa da hajar.

Mahfuzu ya buɗe kwamfuta.

Tsohon ya tashi ya zagaya teburin, ya leƙa bayanta, ya shafa murfin, har ya sunkuya ya sansana ko zai ji ƙaurin kifi. Ya tambaya, in wannan akwatin ya ƙone, kasuwar ta ƙone ke nan? Mahfuzu ya ce a'a, tana nan. Ya ce to a ina take? Mahfuzu ya ce a cikin wata na'ura a wata ƙasa da shi kansa bai taɓa zuwa ba.

Maimakon ransa ya ɓaci, sai Baba Youssouf ya yi murmushi kamar an ba shi kyauta. Ya ce wannan ya fi jiminar. Amma ya ce ba zai rantse a kan abin da idonsa bai iya awo ba, zai zo da wadda ta iya.

Washegari ya dawo da Madam Laetitia, 'yar maƙwabcinsa André, wadda ta yi shekaru a Duwala tana shiga tsakanin masu saye da sayar da irin waɗannan shafuka. Ta gaida Mahfuzu da Fulatanci, ta ja kujera, ta ce ya nuna mata komai, kada ya ɓoye mata ko da abin kunya ne.

Ta yi musu bayani a hankali, tsohon yana gyaɗa kai. Ta ce ba a duba kyan hoto ko yawan wahalar da mai shafi ya sha. Riba ake dubawa, abin da ke raguwa a wata bayan an cire kuɗin kifi da kwali da mota da kuɗin riƙe sunan shafin. Kuma ba wata ɗaya ake ɗauka ba, shekara ake bi, domin damina da rani ba ɗaya suke ba a wurin masunta. In an sami ribar wata, sai a ninka ta da watannin shekara biyu. In shafin ya daɗe, sunansa ya zauna a bakin mutane, masu saye suna dawowa da ƙafarsu ba sai an biya talla an janyo su ba, ana iya kaiwa shekara uku.

Baba Youssouf ya ce ai haka ake yi wa saniya. Nawa take bayarwa, nawa take ci, haihuwa nawa ta rage mata.

Madam Laetitia ta daɗe tana dubawa. Da ta ɗago, ta faɗi wani kuɗi da ya sa Mahfuzu ya dafe bango. Ya fi na shagon Taufiƙ, har da ƙofar ƙarfen.

Bai gama yin hamdala ba ta ce ya dakata. Ta juyo masa da kwamfutar, ta nuna masa wani zane mai hawa da sauka kamar bayan raƙumi. Ta ce wannan masu shigowa ne. Kullum da safe sukan taru, su saya, su watse. Amma ga wasu ranaku nan da zanen ya kwanta ƙasa. Ta tambaye shi me ya faru a ranakun.

Mahfuzu ya duba. Makon da Khaula ta yi zazzaɓi ne, da kwanakin da ta tafi biki Kusiri.

Madam Laetitia ta kunna tallan safiyar ranar, suka saurara su uku. Da dariyar ta zo, har tsohon ya taya ta.

"Wannan muryar," in ji Madam Laetitia, "in ka sayar, za ta bi mai saye?"



Ta ce ba tsegumi take yi ba. Mai saye zai karɓi sunan shafin da hotuna da lambobin masu saye, amma mutanen nan ba hoto suke zuwa gani ba. In muryar tana cikin ciniki, kuɗin da ta faɗa yana nan. In ba ta ciki, abin da ya rage bai wuce kuɗin tsohuwar moto ba.

Baba Youssouf ya shafa gemu. Ya ce ya sha gani a kasuwa, akwai saniyar da ba ta sakin nono sai ta ji muryar mai tatsarta, in aka sayar da ita ba tare da matar ba, nama kawai aka saya. Sannan ya dubi Mahfuzu da tausayi.

"Ɗana, kuɗi biyu ke nan, ni kuwa baki ɗaya nake da shi a zaure. Ranar Asabar zan tambaye ka gaban Alhaji ko muryar taka ce. Abin da ka ce shi zan ɗora kuɗi a kai."

Kafin Asabar sun gwada dabara. Khaula ta roƙi ƙawarta Ramatu ta yi tallan, ta rubuta mata kalmomin, har ta ba ta aron randar. Ramatu ta yi iya ƙoƙarinta. Kafin azahar saƙonni suka cika wayar Mahfuzu. Wani ya tambaya ko Mai Talla ba ta da lafiya. Wata tsohuwa daga Marwa ta ce a gaya wa wannan sabuwar ta daina karatu, ita ba makaranta ta zo ba. Ranar kwali biyu kacal aka ɗaure.

Da yammacin Juma'a, bayan la'asar, Mahfuzu ya zo ƙofar gida. Suka tsaya a gindin dalbejiyar da suka saba tsayawa, ita ta jingina da bango, shi yana murza makullin ɗakinsa. Motoci suna ta wucewa zuwa kasuwa. Tun kafin ya buɗe baki ya ga idanunta sun yi ja.

Ta ce ya faɗa musu muryar ta haya ce, wata ce yake biya. Ya ce Baba Youssouf zai ce a kawo ta ya gani, tsohon ba ya yi wa abin da bai gani ba kuɗi. Ta ce to a kai Ramatu. Ya ce da ta buɗe baki an gane. Ta ce to ya ce muryar ba ta ciki, a faɗi ƙaramin kuɗin, ita ta yarda, ko a ɗakin haya za ta zauna. Ya ce ita ta yarda, Alhaji fa?

Sai hawayen suka zubo.

"To ka ce taka ce, Ɗan Tibati. Ƙarya ce? Wa nake yi wa in ba kai ba?"

"In na ce tawa ce, zai ce wace ce. In na faɗi sunanki, na tona miki asiri gaban baffanninki, a ce 'yar Alhaji Ɗanmalam ta shekara biyu tana yi wa mazan gari dariya a waya. Kuma na ce abin da ba a ba ni ba nawa ne. Wane uba ne zai ji wannan ya ba ni?"

"In ka yi shiru kuma?"

"In na yi shiru, ni mai tsohuwar moto ne."

Ta zame ta tsuguna, ta rufe fuska da gyale. Ta ce ita ta ja masa. Da ba ta aika masa saƙo ranar farko ba tana yi masa dariya, wai tallansa kamar sanarwar rasuwa, da yanzu yana nan da ɗan shafinsa, ƙarami amma nasa. Ya ce da ba ta aika ba, da tuni ya koma Tibati yana gyaran komar kamun kifi, kuma da bai san akwai ta a duniya ba. Ta ce da hakan ya fi. Ya ce kada ta ƙara faɗin haka. Ta ƙara faɗa, tana kuka.

Ta ce ta yi tunanin ta je ta durƙusa gaban mahaifinta ta faɗa masa da kanta. Sau da yawa ta kai ƙofar ɗakinsa da farantin abinci, maganar tana bakinta, sai ta ce ga shi, ta fito. Ba tsoron duka take ji ba, bai taɓa ɗaga mata hannu ba. Ba ta san yadda ake yi masa doguwar magana ba ne kawai.

Suna cikin haka Taufiƙ ya tsayar da motonsa. Ba mugu ba ne, amma bakinsa ba ya zama. Ya gaida Khaula, ya dubi Mahfuzu ya tambaye shi ko gobe zai zo da kasuwar tasa a aljihu ko sai an aika masa da amalanke. Da ya ga fuskar Khaula sai ya tura moton cikin gida.

Mahfuzu ya bi hanyar gada da ƙafa. A ƙasa, wata dorina ta fito da hanci daga ruwan Binuwai ta huro iska ta koma. Ya tsaya yana jiran ta sake fitowa, ba ta fito ba.

Ranar Asabar da hantsi aka shimfiɗa darduma a zaure. Alhaji Ɗanmalam yana tsakiya, ƙannensa biyu a gefe, Taufiƙ yana zuba shayi. Baba Youssouf ya miƙe gwiwarsa mai ciwo, Madam Laetitia ta zauna a kujera bakin ƙofa, Mahfuzu ya durƙusa a ƙarshen dardumar. Labulen da ya raba zaure da cikin gida yana ɗan motsi, ko da yake babu iska.

Baba Youssouf ya yi bayani tiryan tiryan, ribar wata da ninkinta, daɗewar suna, masu saye da ke dawowa. Alhaji yana saurare da idon ɗan kasuwa, har ya yi wa Madam Laetitia tambayoyi, ya ce ashe aljanun ma suna da lissafi. Da tsohon ya zo kan maganar murya, ya ce akwai kuɗi babba akwai ƙarami, kuma wata mai talla ce ta raba su, Alhaji ya ce a kunna ya ji wannan muryar mai tsada.

Madam Laetitia ce ta kunna.

Muryar ta cika zauren. Ta gaida mutanen Garuwa, ta ce giwan ruwa ya iso, ƙato, in an ajiye shi a mota sai ya biya kuɗin kujera. Ta ce wa 'yan Marwa yau ba ragi, su je su yi kuka su dawo. Sannan ta yi dariyar.

Alhaji Ɗanmalam ya tuntsire da dariya har hularsa ta karkace. Ya ce a sake. Aka sake. Ya share ido ya ce wallahi ko shi da ba ya cin banda sai ya saya. Ya ce wannan 'yar kasuwa ce ta haihuwa, irin su ba a koya musu, da yana da irinta a rumfa da tuni ya huta. Ya tambayi ƙannensa ko sun san 'yar gidan waye.

Ba wanda ya sani. Taufiƙ ne kaɗai ya tsaya da butar shayi a hannu, yana kallon labule.

Baba Youssouf ya juya ga Mahfuzu.

"Ɗana, ga Alhaji, ga manya. Muryar nan taka ce? Za ka iya miƙa ta?"

Mahfuzu ya dubi darduma. Akwai wani zare da ya fita daga saƙar, ya ƙura masa ido kamar amsar tana jikinsa. Aka sake tambayarsa.

Sai daga bayan labule wata murya ta taso, siririya, tana rawa, babu kaurin randa a cikinta.

"Giwan ruwa ya iso, mutanen Garuwa. In an ajiye shi a mota..."

Ba ta iya ƙarasawa ba. Kuka ya ci ƙarfinta.

Ɗaya daga cikin ƙannen ya fara salati ya yunƙura zai tashi, Alhaji ya ɗaga masa hannu ya koma ya zauna. Alhaji bai waiwaya wajen labulen ba. Ya gyara hularsa a hankali. Ya ce wa Madam Laetitia ta ƙara kunna ƙarshen, wurin dariyar kaɗai. Ta kunna. Wannan karon bai yi dariya ba.

"A gidana aka haife ta," ya ce, kamar da kansa yake magana. "Ban taɓa jin wannan ba."



Can ya dubi Baba Youssouf ya ce dillali ya yi aikinsa, ya faɗi kuɗin abin da yaron nan zai iya miƙawa. Tsohon ya sunkuyar da kai ya faɗi ƙaramin kuɗin, a hankali, kamar mai faɗin rasuwa.

Alhaji ya juya ga Mahfuzu. Babu faɗa a fuskarsa, wannan ne ma ya fi ban tsoro.

"Ashe da kayana ka zo neman kayana."

Mahfuzu ya ce Allah ya huci zuciyar Baba, laifinsa ne, shi ya roƙe ta. Daga bayan labule Khaula ta ce ƙarya ne, ita ta fara. Alhaji ya ce bai tambayi kowa ba.

Ya tambayi Madam Laetitia ko duk tallan da aka yi a baya suna nan cikin shafin. Ta ce suna nan, tun daga na farko. Ya ce to ba zai kwana muryar 'yarsa tana ajiye a hannun wanda ba muharraminta ba. Amma shi ɗan kasuwa ne, ba ya ƙwace. Dillali ya faɗi kuɗi gaban shaidu, shi kuma ya taya a kan kuɗin, ba ragi. In Mahfuzu ya sayar, kifin Mbakaou zai ci gaba da tafiya, masunta za su ci gaba da karɓar kuɗinsu kamar da. In ya ƙi, shafinsa ne, ya tafi da abinsa, amma daga yau randa ko waya, Khaula ba za ta ƙara cewa uffan a cikinsa ba.

Ya miƙa hannu.

A kasuwa amsa biyu ce. Ko mutum ya ce albarka ya riƙe kayansa, ko ya ce ya sallama, kuma wanda ya sallama ba ya dawowa. Mahfuzu ya dubi hannun. Ya tuna kwali biyun nan na ranar Ramatu. Ya tuna mahaifinsa yana jera kifi a kan waya, hayaƙi yana shiga idonsa, da 'ya'yan yayyensa da aka sa makaranta bara. Ya kuma yi tunanin watakila in ya yi biyayya, Alhaji zai ga irin zuciyarsa.

"Kada ka yi," in ji Khaula daga bayan labule. "Don Allah, Mahfuzu."

Ya sa hannunsa cikin na Alhaji.

"Na sallama, Baba."

Baba Youssouf ya ɗora nasa hannun a kai kamar yadda ake yi, ya ce Allah ya sa albarka, amma bai dubi kowa ba. Da aka zo maganar la'ada ya ce ya yafe.

Alhaji ya saki hannun. Ya ce Madam Laetitia ta karɓi makullan shafin ta mayar da sunansa. Sannan ya ɗauki kofin shayinsa da ya riga ya huce, ya kurɓa, ya dubi Mahfuzu da idon da ba ƙiyayya a ciki.

"Ka yi ciniki irin na mutanen kirki. To yanzu faɗa mini, da wace sana'a za ka riƙe ta?"

Abin da Mahfuzu ya ji bayan wannan shi ne ƙarar wani abu da ya faɗi a bayan labule, da gudun mata, da Taufiƙ yana ajiye buta yana cewa a kawo ruwa. Ya yunƙura zai shiga, ɗaya daga cikin ƙannen Alhaji ya dafa kafaɗarsa ya nuna masa ƙofar waje. Takalminsa ma a hannu ya fita da shi.

Washegari da safe yana zaune bakin katifa, kwamfutar tana rufe a kan tebur. Ba kwalin da zai ɗaure, ba ajans ɗin da zai je. Da lokacin ya yi, hannunsa ya ɗauki waya da kansa, ya buɗe shafin kamar kowane mai saye a Marwa ko Yawunde.

Akwai sabon talla.

Muryar tana nan, da kaurin randar. Ta gaida mutanen Garuwa da Hausa, ta juya Fulatanci, ta ƙarasa da Faransanci. Ta faɗi kifin da ya iso da kuɗinsa, ba ta yi kuskure ko ɗaya ba. Ba ta taɓa 'yan Marwa ba, ba ta ambaci barkono ba.

Da ta zo wurin da take dariya, sai ta yi shiru. Shirun ya yi tsawo, ba a kashe wayar ba. A bayanta, kusa ƙwarai, wani dattijo, Alhaji da kansa, ya yi gyaran murya, ya ce a hankali, kamar mai roƙo, "Saura dariyar, uwata."

Mahfuzu ya manna wayar a kunne ya jira.

Numfashinta kawai yake ji yana kai da komowa a cikin randar.